"In an yi aure ma gani": amsa ga likitar da ke tsakanin masoyi da horon ƙwarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Shekaruna 27, likita ce ni, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Kano. Na ci jarrabawar share fage, wadda likita ke yi kafin a ɗauke shi horon ƙwarewa, kuma na samu gurbin horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a asibitin koyarwa na Shika, Zariya. Akwai wanda muka shekara uku muna tare, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutumin kirki, ina son sa ƙwarai. Yana so a sa rana bayan babbar sallah, ya ce in bar maganar Zariya tukuna, in an yi aure ma gani. Ni ce babba a gidanmu, mahaifinmu ya rasu, da albashina ake cefane da biyan kuɗin makarantar ƙannena uku. Na gaji da talauci, ba zan ɓoye ba. Amma ina tsoron in rasa shi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ke kuma ya saka miki da alheri kan gidan da kika ɗauka tun da ƙuruciya. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da likitoci masu neman ƙwarewa a wannan fannin da kike son shiga, kuma da wuya shekara ta fita ba a samu yarinyar da ta turo ƙofar ofishina ta zauna da irin wannan magana taki ba. Kaɗan ne ke zuwa kafin aure kamar ke. Yawanci sai bayan aure suke zuwa, lokacin da abin da zan iya yi musu ya ragu sosai, don haka na ji daɗi da kika rubuto yanzu.

Sau uku na karanta saƙonki, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa: "in an yi aure ma gani." Ban ce yaudararki yake yi ba. Yawancin mazan da ke faɗin haka har zuciyarsu suke faɗa, su ma ba su tsai da shawara ba, gudun rigima suke yi a lokacin da soyayya ke kan daɗinta. Sai dai ki lura da yadda abubuwa za su kasance ranar da za a yi ganin. Yau magana ce tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa a'a ya koma gidansu. Daga ranar da aka shafa fatiha, fitarki daga gida ta koma ƙarƙashin izininsa, kuma ba bakinsa kaɗai ne zai shiga maganar ba. Hajiyarsa za ta tambayi wace irin amarya ce ke kwana a wani gari. Abokansa na layin shaguna za su tsokane shi. Wata na uku ko na huɗu, in Allah ya kawo rabo, ga laulayi. A irin wannan yanayi babu wanda ke zama ya ce yau mun yanke ba za ki je Zariya ba. Wa'adin takardar gurbin ne kawai zai wuce, kowa ya yi shiru, ke ma ki yi shiru don kada a ce amarya ta fara da fitina. Tun ran gini ran zane, 'yata.

Ki fara da gano takamaiman abin da yake ƙi, don na ga alamar ke ma ba ki sani ba. Da saninsa ya shekara uku yana neman likita, kuma yanzu haka kina fita aiki a Kano bai ce uffan ba. To me ya canza? Idan nisan ne, wannan yana da magani. Kano zuwa Zariya tafiyar awa biyu ce da ɗoriya, kuma na san ma'aurata da dama da suka yi shekaru a kan wannan titin, ita ta zo ƙarshen makon da ba ta da aikin kwana, shi ya je wanda take da shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana ba da wannan horon, za ki iya farawa a Shika kina sauraron lokacin da za a samu gurbi a gida.

Idan kwanan asibiti ne damuwarsa, a nan dole ki faɗa masa gaskiya tsirararta, kada ki rage komai. Fanninmu bai san dare ba. Naƙuda mai tsawo, zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, fashewar mahaifa, duk ba sa jiran gari ya waye, kuma ƙaramin likita ne ake fara tasa. A shekarun farko za ki iya kwana a asibiti sau biyu ko uku a mako, ki wuce aikin safe ba ki runtsa ba, kuma shekara biyar zuwa shida ake yi in ba a samu tsaiko ba. Akwai fannonin da darensu ya fi sauƙi, kamar ido, fata, lafiyar al'umma ko sashen gwaje-gwaje, amma sai kin sake wata jarrabawar share fage. Ke kaɗai kika san ko ɗakin haihuwa ne ya kama zuciyarki ko dai zama ƙwararriya kike so ko a wane fanni ne.

Akwai kuma dalilin da ba a cika furtawa ba. Wani namijin ba ya son matar da sunanta zai fi nasa fita, ko wadda aljihunta zai ishe ta ba sai ta miƙa hannu ba, ko kuma kishi ne ke cin sa in ya tuna da maza za ki riƙa aiki dare da rana. Wannan canjin gari ba ya warkar da shi, canjin fanni ma haka. Yadda za ki gane shi ba wuya: ki kawo mafita ga dalilin da ya bayar. Idan ya tsaya yana lissafi tare da ke, yana cewa to hayar gida fa, to azumi fa, wannan mutum ne mai neman hanya. Idan kuwa duk ƙofar da kika buɗe sai ya kawo sabon dalili, to ainihin dalilin yana can ƙasa bai fito ba, kuma shi ne za ki zauna da shi bayan aure.

Bari in tsaya masa kaɗan, don na san ƙawaye za su ce miki maƙiyin cigabanki ne, ki rabu da shi kawai. Ɗan Kwari jarinsa ba kayan da ke cikin shago kaɗai ba ne. Jarinsa fuskarsa ce da aka saba gani a wurin, da kwastomomin da ke tasowa daga Nijar da Chadi da Kamaru su nufi shagonsa kai tsaye, da amanar da ta sa uban gida ke ba shi kaya bashi. Wannan ba ya ɗaukuwa a mota a kai Zariya. Kuma namijin da ya yi aure yana so ya dawo da magariba ya tarar da matarsa a gida bai nemi abin da ya wuce hankali ba. Abin da kike roƙo a wurinsa babba ne: shekara biyar ko shida na farkon aurensa, waɗanda shi ma ba za su dawo masa ba. Ki furta masa da bakinki cewa kin san girman abin da kike nema. Mutum ya fi saurin sadaukarwa in ya ga an san darajar abin da zai bayar.

Kin ce kin gaji da talauci, kuma na ji kamar neman afuwa kike yi da kika faɗa. Kada ki ji kunyar haka. A cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, Fatima 'yar Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Ya ce mata Mu'awiya matalauci ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya ajiye sandarsa daga kafaɗarsa, ta auri Usama ɗan Zaid. Kin ga an ɗora halin aljihu a kan ma'auni a fili, ba a ce soyayya ta wadatar ba. Manzon Allah ne kuma ya aurar da wata mata ga mutumin da ya rasa ko zoben ƙarfe, a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Kuɗi abin dubawa ne a aure, amma ba shi ne kan gaba ba. Neman na kai ga mace ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: dukiyar Nana Khadija ce ta je fatauci Sham, kuma Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, da ta tambaya game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta daga dukiyarta, an ce mata tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka.

Sai dai a taki maganar, talaucin da ya kamata ki duba na mahaifiyarki ne da ƙannenki. Cinki da shanki da suturarki da muhallinki duk suna wuyan miji, ko da albashinki ya ninka ribarsa. Mahaifiyarki da ƙannenki uku kuwa ba sa wuyansa ko kaɗan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗan da ke da hali, namiji ne ko mace. Idan kika ajiye aiki, cefanen gidanku ya koma kyautar suruki. Na yarda zai yi, tunda kin ce mutumin kirki ne. Amma kasuwa ba ta da tabbas. Kin ga ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata kaya masu yawan gaske. Kin ga yadda cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yunin da ya biyo baya suka girgiza duk mai shigo da yadi daga waje. Ranar da kasuwa ta matse, kyauta ce ake fara yankewa, ba don mugunta ba, don haka lissafi yake. Sannan ki tuna da nauyin da Mama za ta riƙa ji duk wata tana jiran saƙo daga hannun mijin 'yarta.

To yaya ake ɗaure magana kafin aure? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Amma akwai abin da na koya a zaman sulhu tare da malamai wanda mata da yawa ba su sani ba sai abu ya ɓaci. A wurin Malikiyya, sharaɗi irin na kada miji ya fitar da mace daga garinsu ko makamancin haka, an so ya cika shi, amma ba a tilasta masa, sai in an ɗaure shi da wani abu, kamar a ce in ya saɓa to al'amarinta yana hannunta. Hambaliyya ne ke ganin sharaɗin ya lazimce shi kai tsaye. Saboda haka alkawarin da aka yi miki a zaure ko a waya ranar hira ba shi da ƙafar tsayuwa a gaban alƙali. Ki sa baffanki, ko duk wanda zai zama waliyyinki, ya kawo maganar a gaban manyansa kafin a sa rana: za ta yi horon ƙwarewa har ta gama, a Zariya ko inda aka samu, da kwanan asibitin da ke cikinsa, kuma za ta ci gaba da taimakon mahaifiyarta daga albashinta. A rubuta, shaidu su sa hannu, a nemi malamin da ya san aikin kotun shari'a ya tsara lafazin. Kuma ki roƙe shi ya gaya wa Hajiyarsa da bakinsa, tun yanzu. A abin da na gani, takardar ba kasafai ake kai ta kotu ba. Amfaninta shi ne namiji yana jin nauyin warware abin da ya faɗa a gaban mahaifinsa da baffan matarsa, kuma duk ranar da dangi suka taso yana da abin da zai kare ki da shi: da haka na aure ta.

Kada ki ɗauka ina ce miki ki jingine aure sai kin gama. Wannan shawarar ma na ga inda ta kai wasu. In kin fara yanzu za ki gama kina da shekara 32 ko 33, in babu yajin aiki ko maimaita jarrabawa. Ke likita ce, kin san ƙarfin ɗaukar ciki yana raguwa sannu a hankali, kuma ragin yana ƙara sauri bayan 35. Na zauna da abokan aiki da suka kai ƙololuwar wannan sana'a, sannan suka dawo suna zama a kujerar marasa lafiya a asibitin neman haihuwa, kuma ba zan manta da fuskokinsu ba. Mutumin kirki da kika sani shekara uku, kika ga fushinsa da fara'arsa, shi ma ba abu ne da ake samu duk ranar da aka shirya ba. Gurbin horo kuma yana da nasa agogon: guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, sakamakon share fage yana da wa'adi, lasisin aiki duk shekara ake sabunta shi, hannun da ya daina tiyata kuma sanyi yake yi. Shi ya sa na fi son ki nemi duka biyun a lokaci ɗaya. Da yawan ɗalibaina a cikin horon suka yi aure suka haihu. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da hutun haihuwa, lokacin gamawa yakan ɗan ja baya, shi ke nan.

Inda wahalar take shi ne bayan an haihu. Claudia Goldin, malamar jami'ar Harvard da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna daga bayanan Amurka cewa tazarar samu tsakanin namiji da mace masu sana'a iri ɗaya tana buɗewa ne musamman daga haihuwar ɗan fari. Abin da ta gani a alƙaluma ni a ɗakin kwanan likitoci na gan shi. Aure bai cika tsayar da ɗalibaina ba, jariri ne ke tsayar da su, ranar da aka kira su tiyata ƙarfe biyun dare babu wanda za a miƙa wa. Don haka ku zauna ku amsa wannan tambayar da sunan mutum: wa zai riƙe shi? Mama za ta iya komawa Zariya na wani lokaci? Wata ƙanwarki ce, ko mai raino, kuma wa zai biya ta? Gida biyu za ku riƙe, to hayar na Zariya a aljihun wa take? In ba ku amsa waɗannan ba, ko ya yarda da tafiyarki, wata "ma gani" ɗin kuka sake yi.

Ke ma akwai gaskiyar da yake bin ki bashi. Horon ƙwarewa ba hanyar kuɗin gaggawa ba ce. Albashin zai riƙe ki ya riƙe Mama, amma kuɗin jarrabawa da na kwasa-kwasai da tafiye-tafiyensu za su ci rabonsu, wadatar sai daga baya take zuwa. Kuma ni da ke mun san abin da da yawa ke shiryawa a zuci: a karɓi takardar ƙwarewa a wuce Saudiyya ko Ingila. In wannan yana ranki, ko da kaɗan ne, ki faɗa masa yanzu. Ba adalci ba ne ki nemi ya bayyana miki cikinsa a gaban manya ke kuma ki riƙe naki, ya yi haƙurin shekara shida yana zaton Kano za ki dawo, sannan ki fito masa da biza.

Akwai wata ɗalibata da har yau in na tuna ta sai zuciyata ta yi nauyi. Cikin waɗanda na koyar, kaɗan ne suka kai ta natsuwar hannu a tiyata. Ta tafi hutun aure da irin wannan alkawarin, ba ta dawo ba. Mijinta bai taɓa cutar da ita ba, ya riƙe ta da daraja shekara tara, suka haifi huɗu, sai Allah ya karɓi ransa a hatsarin mota. Ta dawo tana neman gurbi, sakamakonta ya daɗe da ƙarewa, sai da ta sake komai daga farko a ƙarƙashin waɗanda ta taɓa koya wa ɗinki. Na tambaye ta ko ta yi nadamar auren, ta ce ko kaɗan. Abin da ke damun ta, in ji ta, shi ne ba ta taɓa tambayarsa kai tsaye ba, kuma tana kyautata zaton da ta tambaya da ya bar ta.

In za ki yi masa magana, kada ki tsaya a kan albashi da muƙami kaɗai. Ki gaya masa dalilin da ya sa wannan aikin ya cancanci haƙurinsa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Na sha ganin macen da aka kawo a makare saboda ita ko mijinta ba su so namiji ya duba ta ba. Mazan da ke neman likita mace ga matansu dole wasu daga cikinsu su yarda matansu su zama likitocin. Watakila bai taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Ga abin da nake gani. Ki karɓi gurbin, kuma ki ce masa kina son a sa ranar, duka biyun a zama ɗaya. Idan ya yarda a gaban manya, ki aure shi da farin ciki, ki kuma riƙe masa wannan alheri iya rayuwarki. Idan ya fito fili ya ce shi ko Zariya, to ya kyauta da ya faɗi gaskiya, kuma zaɓi ya dawo hannunki. Da marainiyar da ke riƙe da uwa da ƙanne uku, ni na fi karkata ga Zariya, duk da na san za ki yi kuka mai yawa kuma ba zan ce miki wani yana nan tafe ba, don wannan sanin Allah ne. In kuma bayan istihara zuciyarki ta tsaya a kansa, babu wanda ke da ikon ce miki kin yi asarar karatu. Sai dai ko a nan ki nemi abu biyu a rubuce: ki ci gaba da aikinki na Kano don lasisinki da hannunki su rayu, kuma kason Mama ya riƙa fita daga albashinki ba tare da neman izini duk wata ba.

Ki duba ranar da aka rubuta a takardar Shika cewa ki kai kanki. Wanda ya karɓi gurbi zai iya ajiyewa daga baya, wanda ya bari wa'adi ya wuce kuwa sai ya sake bin layi. Ki yi magana da shi a wannan makon, kafin ki kai takardar, don kada ya ji a bakin wani, sannan ki je wurin baffanki. Ki gaishe mini da Mama.